Yadda Ake Zuba Ƙunshin Bayanan Manhaja Cikin Teburin Ma'adanar Bayanai

Matasan da ke haɗa wa dillalan amfanin gona da ƙungiyoyin manoma 'yar ƙaramar manhaja suna yawan kawo tambaya guda: sunan manomi da nauyin buhu da kuɗi duk suna fitowa daidai a kan allo, amma da zarar an rufe manhajar ko caji ya ƙare, komai ya bi iska. Ta yaya za a sa bayanin ya zauna daram a tebur, kowane abu a gurbinsa, yadda gobe za a iya ciro shi?

Za mu bi aikin da misalin dillalin riɗi da zoɓo da ke saye a kasuwannin ƙauyukan Gumel da Maigatari yana tura kaya Dawanau. Kalmomi uku za su yi ta dawowa. "Mazubi" shi ne sunan da ke riƙe da abu ɗaya a cikin manhaja. "Ƙunshi" shi ne mazubi mai ɗauke da abubuwa da yawa a ɗaure, kamar bayanin saye guda. "Gurbi" kuwa shi ne kowane sashe na tebur daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda ake ja wa littafin ciniki layi da rula.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Harshen rubuta manhaja na Python, 3.7 ko wanda ya fi shi sabunta, da SQLite, ma'adanar bayanai mai ajiye tebura a cikin fayil, wanda yake zuwa a cikin Python ɗin, ba sai ka sauke shi daban ba. Ka ƙara da DB Browser for SQLite domin leƙa teburin da idonka. Duka kyauta ne, kuɗin data na saukewa kawai za ka kashe, kuma bayan nan aikin ba ya buƙatar intanet. Tsohuwar laftof ta isa. Wanda ba shi da ita zai iya gwadawa a wayar Android da Pydroid 3 ko Termux. Sai takarda da biro, kuma da su za a fara.

Mataki na 1: Baje ƙunshin a takarda

Rubuta duk abin da saye guda ya ƙunsa, sannan a gaban kowanne ka amsa tambaya ɗaya: guda ne, ko yana iya zama da yawa? Sunan manomi guda ne. Lambar wayarsa, ƙauyensa, ranar saye, ko an biya shi, duk guda-guda ne. Buhuna kuwa ba su da ƙa'ida: wani ya kawo ɗaya a bayan babur, wani ya ciko amalanke.

Ga ƙunshin a Python:

```python
from dataclasses import dataclass, asdict

@dataclass
class Buhu:
    iri: str
    giram: int
    kobo_kan_kilo: int

@dataclass
class Saye:
    shaida: str
    manomi: str
    waya: str
    kauye: str
    rana: str
    an_biya: bool
    buhuna: list
```

Dokar ita ce: duk abin da yake guda ya samu gurbi a teburin saye, duk abin da yake jeri ya samu teburin kansa. Saboda haka tebur biyu muke buƙata.

Gargaɗi: kada ka buɗe gurabe irin su buhu1, buhu2, buhu3. Ranar da wani ya kawo buhu goma sha biyu za ka rasa inda za ka sa su, kuma tara jimillar nauyi zai zama wahala. Haka nan kada ka cusa dukkan buhunan a gurbi ɗaya da waƙafi tsakaninsu. Zai shiga lafiya lau, fitowar ce ba za ta yi daɗi ba.

Mataki na 2: Zaɓa wa kowane gurbi nau'insa

A nan aka fi yin ɓarnar da ba ta nuna kanta sai bayan watanni, don haka za mu ɗan daɗe. SQLite nau'i biyar kawai ya sani: INTEGER (cikakkiyar lamba), REAL (lamba mai ɗigo), TEXT (rubutu), BLOB (ɗanyen bayani kamar hoto) da NULL (babu komai). Duk abin da ke cikin ƙunshinka dole ya koma ɗaya daga cikinsu.

Lambar waya rubutu ce, ba lissafi ba. Lambobinmu suna farawa da sifili, kuma idan ka sa gurbin ya zama INTEGER, sifilin farko zai faɗi, lamba goma sha ɗaya ta koma goma. Ka kula kuma da inda lambar ta biyo kafin ta iso: idan an taɓa buga ta a Excel a matsayin lamba, ko ka ratsa da ita ta `int()`, sifilin ya riga ya tafi tun kafin tebur ya gan ta.

Kuɗi a ajiye shi a kobo, cikakkiyar lamba. Kwamfuta ba ta riƙe lamba mai ɗigo daidai-wa-daida. Buga `0.1 + 0.2` a Python, za ka ga 0.30000000000000004. Buga `int(0.29 * 100)`, za ka samu 28 maimakon 29. Kobo ɗaya ba komai ba ne a ido, amma shi ne ke sa jimillar manhaja ta ƙi haɗuwa da ta littafi, a kwana ana neman inda kuskure yake. Idan an buga farashi a naira, mayar da shi ta wannan hanya, kai tsaye daga rubutun da aka buga:

```python
from decimal import Decimal
kobo = int(Decimal("1250.50") * 100)
```

Shi kansa Decimal ba ya shiga SQLite kai tsaye, sai an mayar da shi cikakkiyar lamba ko rubutu, shi ya sa muka rufe da `int`.

Nauyi ma haka: kilo 97.5 ya zama giram 97500. Idan dillalinka da tiya yake awo ba da sikeli ba, to ƙara gurbin da zai faɗi ma'aunin da aka yi amfani da shi, domin tiyar wannan kasuwa ba lallai ta zo ɗaya da ta waccan ba, kuma lamba 40 tsurarta ba ta gaya wa kowa komai.

Rana: SQLite ba shi da nau'in kwanan wata. Ajiye ta a rubutu, shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar 2024-11-07. Dalili biyu ne. Na farko, 03/04 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris. Na biyu, tsarin shekara-a-gaba yana jeruwa da kansa idan ka ce a jera. `date.today().isoformat()` zai ba ka shi. Kada ka dogara da `CURRENT_TIMESTAMP` na SQLite wajen ranar ciniki: agogon UTC yake bi, wanda Najeriya ta riga da awa ɗaya, don haka abin da aka shigar tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya zai faɗa ranar jiya. Kuma ka mayar da ranar rubutu da hannunka, domin tun daga Python 3.12 an ayyana tsohuwar hanyar da ke yin hakan a ɓoye a matsayin wadda za a daina amfani da ita.

`True` da `False` suna shiga a matsayin 1 da 0. `None` yana zama NULL. Manomin da ba shi da waya, ba shi NULL, kada ka cike masa da sifili ko "babu".

Mataki na 3: Buɗe fayil, gina teburan

```python
import sqlite3

hadi = sqlite3.connect("C:/ciniki/saye.db")
hadi.execute("PRAGMA foreign_keys = ON")
hadi.executescript("""
CREATE TABLE IF NOT EXISTS saye (
  lamba   INTEGER PRIMARY KEY,
  shaida  TEXT NOT NULL UNIQUE,
  manomi  TEXT NOT NULL,
  waya    TEXT,
  kauye   TEXT,
  rana    TEXT NOT NULL,
  an_biya INTEGER NOT NULL DEFAULT 0
) STRICT;
CREATE TABLE IF NOT EXISTS buhu (
  lamba         INTEGER PRIMARY KEY,
  lambar_saye   INTEGER NOT NULL REFERENCES saye(lamba),
  iri           TEXT NOT NULL,
  giram         INTEGER NOT NULL CHECK (giram > 0),
  kobo_kan_kilo INTEGER NOT NULL
) STRICT;
""")
```

Lura cewa sunayen gurabe sun yi daidai da na ƙunshi, harafi da harafi. Da gangan ne, mataki na 5 zai ci moriyarsa. An kuma rubuta "kauye" ba ƙugiya a sunan gurbin domin sauƙin bugawa a kowane allon rubutu. Bayanin da zai shiga ciki shi ne zai ɗauki ƙugiyoyinsa.

Gargaɗi na farko: idan SQLite bai ga fayil ɗin da ka ambata ba, ba zai yi ƙorafi ba, sabo fil zai ƙirƙira, wanda babu komai a ciki. Duk wanda ya ga saƙon `no such table`, ko ya tarar da teburinsa wayam alhali jiya ya zuba kaya, ya fara bincika ko fayil biyu ne masu suna ɗaya a wurare daban. Ba da cikakken adireshin fayil, kamar yadda aka yi a sama.

Na biyu: layin `foreign_keys` ba ado ba ne. A kashe yake zuwa, kuma sai an kunna shi duk lokacin da aka buɗe haɗi, nan take bayan `connect`. In ba a kunna ba, tebur zai karɓi buhun da ba shi da uban saye.

Na uku: ba tare da `STRICT` ba, SQLite mai kawaici ne, zai karɓi kalmar "hamsin" a gurbin giram ya yi shiru. `STRICT` ya zo ne a SQLite 3.37 na shekarar 2021. Duba naka da `sqlite3.sqlite_version`. Idan tsoho ne, cire kalmar, ka tsananta bincike a mataki na gaba.

Mataki na 4: Tankaɗe bayanin kafin ya shiga

Cire sararin da ke gaba da bayan suna da `strip()`. Sannan ka daidaita alamar hamza: wasu wayoyi suna buga miƙaƙƙiya, wasu lanƙwasasshiya, a ido kamar ɗaya, a wajen kwamfuta kuwa Sa'idu biyu ne daban. Zaɓi miƙaƙƙiyar, ka maye ɗayar da ita ta `replace`. Haka batun 'y da ƴ: ɗauki ɗaya ka tsaya a kai.

Haruffan ƙ, ɗ da ɓ suna shiga SQLite lafiya. Matsalar tana wajen nema: a haruffan Ingilishi kaɗai ne umarnin nema na `LIKE` yake ɗaukar babban harafi da ƙarami a matsayin ɗaya, don haka neman "ɗambatta" ba zai kamo "Ɗambatta" ba. `lower()` na Python ya san ƙugiyoyinmu, na SQLite bai sani ba. Idan nema da suna yana da muhimmanci, ƙara gurbi na biyu da zai riƙe sunan da ƙananan haruffa da Python ya mayar.

Mataki na 5: Zuba saye da buhunansa a ɗauri ɗaya

```python
def ajiye(hadi, s):
    with hadi:
        c = hadi.execute(
            "INSERT INTO saye (shaida, manomi, waya, kauye, rana, an_biya) "
            "VALUES (:shaida, :manomi, :waya, :kauye, :rana, :an_biya) "
            "ON CONFLICT(shaida) DO NOTHING",
            asdict(s))
        if c.rowcount == 0:
            return None
        lamba = c.lastrowid
        hadi.executemany(
            "INSERT INTO buhu (lambar_saye, iri, giram, kobo_kan_kilo) "
            "VALUES (?, ?, ?, ?)",
            [(lamba, b.iri, b.giram, b.kobo_kan_kilo) for b in s.buhuna])
    return lamba
```

`asdict` yana warware ƙunshin ya koma suna da abin da ke ƙarƙashinsa, SQLite kuma ya ɗauki kowane suna ya kai shi inda aka rubuta shi da ɗigo biyu a gaba. Abin da umarnin bai nema ba, kamar `buhuna`, ana tsallake shi. Uwa, wato layin saye, ake fara zubawa, a karɓi lambarta ta `lastrowid`, sannan a rataya wa kowane buhu wannan lambar. Ba a juya wannan tsari.

Babban gargaɗin wannan jagora yana nan: kada ka taɓa liƙa bayani cikin umarnin SQL, wato harshen da ake yi wa tebur magana da shi kamar `INSERT` ɗin da ke sama, da alamar tarawa ko da `f"..."`. A SQL, alamar hamza ita ce ke buɗe rubutu ta rufe shi. Mu kuwa sunayenmu cike suke da ita: Rabi'u, Shu'aibu, Sa'adatu, Isma'ila. Manhajar da aka gina da liƙi za ta yi aiki sumul da Musa da Audu, ranar da Rabi'u ya kawo kaya ta tsaya da `syntax error` ana tsakiyar layi. Wannan ma sauƙi ne, domin ta wannan ƙofar ce mugu ke shigo da umarninsa ya goge tebur ko ya kwashe bayani. Alamar tambaya da sunaye masu ɗigo biyu suna toshe duka biyun, saboda bayanin ta hanyarsa daban yake tafiya, ba ya cakuɗuwa da umarni. Sai dai ba sa aiki a madadin sunan tebur ko na gurbi, bayani kawai suke ɗauka.

Kurakurai biyu da ke yawan fitowa a nan. `Incorrect number of bindings supplied` yakan zo ne idan abu ɗaya ka miƙa ka manta waƙafi: `(suna)` rubutu ne kawai, sai Python ya ƙirga kowane harafi a matsayin abu guda, daidai shi ne `(suna,)`. `Error binding parameter` kuwa yana nufin ka miƙa jeri, ko Decimal, ko wani ƙunshi sukutum. Koma mataki na 2.

Sai `with hadi`. Shi ne ɗaurin. Idan komai ya shiga, zai buga hatimin tabbatarwa. Idan wani abu ya karye a buhu na huɗu, zai janye har da layin saye, tebur ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Ko wuta aka ɗauke ko batir ya mutu a tsakiyar rubutu, SQLite yana da fayil ɗin wucin gadi a gefe wanda yake amfani da shi ya warware rabin aikin a buɗewa ta gaba. Idan ka ga fayil mai ƙarewa da `-journal` kusa da naka, kada ka goge shi da sunan shara. Wanda bai yi amfani da `with` ba kuma bai kira `hadi.commit()` ba, zai ga bayaninsa muddin manhajar tana buɗe, ya rufe ya dawo ya tarar babu. Ka sani kuma `with hadi` ba ya rufe haɗin, `hadi.close()` aikinka ne.

Idan saye ɗari biyu za ka zuba a ƙarshen ranar kasuwa, ka haɗa su a ɗauri guda maimakon hatimi ɗari biyu. Kowane hatimi yana jiran faifai ya tabbatar ya rubuta, kuma a tsohuwar laftof za ka ji bambancin.

Mataki na 6: Hana shigar da abu sau biyu

Gurbin `shaida` saboda wannan aka yi shi. Yaron shago ya danna maɓallin ajiya, allo ya ɗan yi nauyi, ya sake dannawa. Ko wakili a ƙauye ya turo bayanan yini, sabis ya yanke, ya sake turowa. Ba tare da shaida ba, an biya manomi ɗaya sau biyu a lissafi. Samar da ita da `uuid.uuid4().hex` a lokacin da aka buɗe fom ɗin saye, ba lokacin ajiya ba. Idan a lokacin ajiya ka ƙirƙire ta, kowane danni zai zo da sabuwa, ka yi aikin banza. Lambar rasit ma za ta yi, in dai ba a maimaita ta tsakanin littattafai.

`ON CONFLICT` yana buƙatar SQLite 3.24 na 2018 zuwa sama. Kuma kada ka cire binciken `rowcount`: idan an tsallake layin, `lastrowid` ba lambar wannan saye yake riƙe da ita ba, sai buhunan su rataye a wuyan wani manomi.

Mataki na 7: Ciro shi ka gwada da na asali

Aiki bai kammala ba sai ka ga ƙunshin ya dawo yadda ya tafi.

```python
def dauko(hadi, lamba):
    hadi.row_factory = sqlite3.Row
    u = hadi.execute("SELECT * FROM saye WHERE lamba = ?", (lamba,)).fetchone()
    y = hadi.execute("SELECT iri, giram, kobo_kan_kilo FROM buhu "
                     "WHERE lambar_saye = ? ORDER BY lamba", (lamba,)).fetchall()
    return Saye(u["shaida"], u["manomi"], u["waya"], u["kauye"], u["rana"],
                bool(u["an_biya"]), [Buhu(**dict(b)) for b in y])
```

Rufe manhajar gaba ɗaya, sake buɗewa, sannan ka kwatanta `dauko(hadi, lamba) == na_asali`. Yi gwajin da bayanai masu taurin kai: suna mai hamza, ƙauye mai ƙugiya, manomi marar waya, saye mai buhu ashirin, da buhu mai nauyin sifili wanda ya kamata a ƙi karɓa. Gwada lissafin ma da hannu. A misali, buhu mai giram 97500 a kan kobo 120000 kowane kilo ya kamata ya ba da kobo 11700000, wato naira 117,000. Idan `fetchone()` ya dawo da `None`, lambar ce babu. Ka tanadi abin da za a nuna maimakon manhajar ta faɗi.

Idan ka buɗe fayil ɗin a DB Browser ka gyara wani abu, danna maɓallin rubuta canje-canje kafin ka koma Python. In ba haka ba zai riƙe fayil ɗin, manhajarka ta jira daƙiƙa biyar ta ce `database is locked`.

Mataki na 8: Idan ƙunshin ya canja

Wata rana dillali zai ce a ƙara sunan kasuwa. `CREATE TABLE IF NOT EXISTS` ba zai taɓa teburin da ya riga ya wanzu ba, don haka gyara shi kaɗai ba ya ƙara komai. Yi amfani da `ALTER TABLE saye ADD COLUMN kasuwa TEXT`, sau ɗaya. Tsofaffin layuka za su samu NULL. Idan kana so gurbin ya zama `NOT NULL`, dole ka ba shi `DEFAULT`. Sannan ka bi wurare uku: ƙunshin, umarnin `INSERT`, da `dauko`.

Ga tarkacen da ba a lissafi da su, kamar bayanin cewa riɗin yana da ƙasa ko zoɓon bai gama bushewa ba, ya halatta a dunƙule su da `json.dumps(abu, ensure_ascii=False)` a gurbin rubutu guda. Amma duk abin da za a tara, ko a jera, ko a nema da shi, gurbin kansa ya cancanta.

Mataki na 9: Kwafin ajiya

Kada ka kwafi fayil ɗin da hannu alhali manhajar tana rubutu, kwafin zai iya fitowa a lalace. Yi haka a ƙarshen kowace ranar kasuwa:

```python
kwafi = sqlite3.connect("E:/saye-2024-11-07.db")
hadi.backup(kwafi)
kwafi.close()
```

Sa kwanan wata a sunan, kada na yau ya danne na jiya. Ajiye kwafi ɗaya a filashin da ba ya kwana a jaka ɗaya da laftof ɗin, kuma lokaci-lokaci ka buɗe shi a DB Browser ka ƙirga layukan. Fayil ɗin SQLite ba shi da kalmar sirri, duk wanda ya same shi zai karanta sunayen manoma da lambobinsu da kuɗinsu, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin wannan, don haka ba abin jefawa a zauren WhatsApp ba ne.

Ranar da wakilai suka yi yawa har ake buƙatar su riƙa rubutu lokaci guda daga wurare daban-daban, sai a koma manyan ma'adanan bayanai irin su PostgreSQL ko MySQL. Tsarin matakan bai canja ba. Daga cikin abubuwan da za su canja, alamar tambaya takan koma `%s` a Python, akwai nau'in kwanan wata na gaske, kuma a MySQL ka tabbata teburin yana kan `utf8mb4`, domin a `latin1` ƙ da ɗ da ɓ ko dai a ƙi karɓarsu ko su koma alamar tambaya.